Wanke Tsohon Jan Bulo da Feshin Ruwa da Garin Gilashi: Abin da Na Gani a Gidana na Manchester

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har sai da hunturu guda ya wuce a kan bangon, domin aikin da aka yi wa jan bulo ba a ranar da ma'aikata suka kwashe kayansu ake gane kyansa ko muninsa ba, sai ruwan sama ya dake shi, ƙanƙara ta kwana a jikinsa, sannan ainihin abin da aka yi masa yake fitowa fili. Gidan da nake magana a kansa yana unguwar Levenshulme a birnin Manchester, kuma ɗaya ne daga cikin jerin gidajen nan masu haɗe da juna, bango ɗaya tsakanin mutum da maƙwabcinsa, waɗanda aka gina a ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria. Takardun da aka ba ni lokacin saye sun nuna an gina shi kafin 1900. Kamfanin da ya yi mini aikin ƙarami ne, mutum uku ne suka zo da mota ɗaya tana jan kwamfaresa a baya, kuma ba zan ambaci sunansa ba, saboda akwai abin da zan yaba musu a kai, akwai kuma abin da zan yi ƙorafi a kai.

Lokacin da muka tare, bangon gaba a lulluɓe yake da fenti har hawa uku, mai ruwan madara a ƙasa, sai wani ja mai duhu, sai fari a sama, kuma duk ya ɗaɗɗago yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Abin da ya fi muni shi ne ɗakin da ke bayan wannan bango kullum yana warin laima, uwargidana kuwa ta gaji da goge baƙin fumfuna a kusurwar taga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsohon jan bulo yana shan ruwa kuma yana fitar da shi idan iska ta buga, to idan aka toshe masa fuska da fentin da ba ya barin tururi ya wuce, ruwan da ya shiga ta tsagewa ba shi da hanyar fita sai ta cikin ɗaki. Bangon baya shi ba a taɓa yi masa fenti ba, amma ya yi baƙi ƙirin da kunkunniyar hayaƙin kwal, wadda ta taru a kansa tun zamanin da kowane gida a birnin yake hura kwal a murhu, masaƙun auduga kuma suna tuƙa hayaƙi dare da rana. Sai bayan mummunan hazon hayaƙin da ya rufe Landan a watan Disamba na 1952, ya halaka dubban mutane, aka yi dokar tsaftace iska ta 1956, hayaƙin ya fara raguwa a biranen Birtaniya. Nakan tsaya in dubi wannan baƙi da wani irin tunani, domin a Manchester ne aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda daga baya ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, kenan audugar ƙasarmu tana cikin wadda masaƙun wannan yanki suka saƙa.

Kamfanoni uku na tuntuɓa. Na farko ya ce zai shafa sinadarin da ke narkar da fenti sannan ya wanke da tururi mai zafi, ya kuma ce aikin zai ɗauki fiye da mako guda. Na biyu yana aiki da na'urar TORC, wadda ke fitar da iska da ruwa kaɗan da gari mai laushi a murɗe kamar guguwa, kuma an san ta a wajen masu gyaran gine-ginen tarihi a Ingila, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna. Na ukun, wanda na ɗauka, ya yi alkawarin kammala gaba da baya cikin kwana uku da abin da suke kira feshi mai ruwa. Na'urar tasu tukunyar ƙarfe ce da ake zuba ruwa da garin gogewa a ciki, kwamfaresa ta turo iska mai ƙarfi, cakuɗen ya bi tiyo ya fito ta wani siririn baki ya daki bango, kowace ƙwayar gari tana ɗauke ɗan abin da ta tarar a saman bulon. Garin da suka zo da shi niƙaƙƙen gilashi ne na tsofaffin kwalabe, a buhunan kilo 25.

Amfanin ruwan na farko shi ne kashe ƙura, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Busasshen feshin yashi, wanda aka daɗe ana yi, yana tayar da ƙurar silika mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu ta haddasa cutar silikosis, cutar da ba ta da magani. Tun 1949 Birtaniya ta yi dokar hana amfani da yashi mai silika wajen feshin kayan ƙarfe a masana'antu, Turkiyya ma ta haramta feshin yashi a kan wandunan jins a 2009 bayan cutar ta kashe matasan ma'aikata. Ko da garin ba yashi ba ne, shi kansa bulon da kwaɓin da ke tsakaninsa suna da silika a jiki, don haka ruwan da ke danne ƙurar yana kare mai riƙe da tiyo, yana kuma kare maƙwabta. A wannan fanni ba ni da abin cewa sai yabo, domin tsawon kwanakin aikin ban ga gajimaren ƙura ya tashi a layinmu ba, sai ɗan hazon ruwa da ke sauka nan kusa.

Sai dai akwai maganar da takardar tallarsu ta yi wadda ta so ta ruɗe ni, inda ta nuna kamar tunda da ruwa ake yi, bulo ba zai ji komai ba. Ruwa yana danne ƙura, yana kuma ɗan rage kaifin dukan, amma ba ya mayar da gilashi auduga. Jan bulo ana gasa shi ne a wuta mai zafin digiri 900 zuwa sama da 1,000, kuma fuskarsa ta waje, wadda ta fi shan wuta, takan zama wata 'yar fata mai tauri da ke rage shigar ruwa, cikinsa kuwa ya fi laushi da ƙofofi. Idan aka kankare wannan fata, ba ta sake tsirowa. A ma'aunin Mohs, wanda masana duwatsu ke auna tauri da shi daga 1 zuwa 10, garin kalsait da ake samu daga dutsen farar ƙasa yana mataki na 3, gilashi yana tsakanin 5 da 6, yashin kwaz kuma yana 7, kenan zaɓin gari kaɗai yana iya raba tsakanin wanke bango da fere shi. Hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta Amurka ta fitar da takardar gargaɗi a kan illar irin wannan gogewa ga tsofaffin gine-gine tun 1979, kuma ba ta ware feshi mai ruwa daga gargaɗin ba. A nan Ingila ma, da gidana yana cikin gine-ginen da hukuma ta yi wa rajistar tarihi, da sai na nemi izinin majalisar birni kafin a taɓa fuskarsa. Nawa ba ya ciki, don haka shawarar ta rage tsakanina da kamfanin.

Mako biyu kafin aikin, shugabansu ya zo ya yi gwaji a wani ɗan fili ƙarƙashin tagar gaba, bai fi faɗin darduma ba. Dattijo ne mai natsuwa, wanda ya ce ya haura shekara ashirin a sana'ar. Ya fara da ƙaramin matsin iska, ya riƙe bakin tiyon a karkace, nesa da bango kamar kamu ɗaya, yana tafiya da shi a hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Farin fentin ya fara tashi, jan da mai ruwan madara suka biyo baya, sai ga bulo ya bayyana da wani irin ja mai sheƙi kamar na tukunyar ƙasa sabuwar gashi. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce in shafa, na ji shi sumul, gefunan kowane bulo da kaifinsu. Ya kuma kankari ɗan fentin ƙasan ya ɗiga masa ruwan gwaji don ya ga ko akwai dalma a ciki, tunda tsofaffin fentin ƙasar nan da yawa suna da ita, kuma sai a 1992 aka hana sayar wa jama'a irinsu. Duk wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan gwaji da wasa ba. An yi sa'a babu ita. A nan take na biya kafin alƙalami.

Kuskurena, wanda kuma nasu ne fiye da nawa tunda su ne masu sana'ar, shi ne ba a yi irin wannan gwaji a bangon baya ba. Maginan wancan zamani sukan sa bulo mai kyau, matsattse, wanda ya gasu sosai a fuskar gida da ke kallon titi, irin wanda garin Accrington na Lancashire ya yi suna a kansa, a baya kuwa inda ba mai gani sai su sa na gama-gari mai arha da laushi. Gida ɗaya ne, amma bango biyu ne masu hali daban.

Ranar farko ta tafi yadda ake so. Sun iso ƙarfe takwas na safe, ƙarafan hawa an riga an kafa su tun jiya, suka shafe fiye da awa biyu suna rufe tagogi da ƙofa da leda mai kauri, suka liƙe gefuna, suka rataya tamfol tsakaninmu da maƙwabta ta kowane ɓangare, suka kuma toshe bakin kwata da buhunan yashi don kada taɓon ya gangara cikin magudanar ruwa. Dattijon da kansa ya riƙe tiyo, sanye da hular da ke rufe kai gaba ɗaya, ana turo masa iskar shaƙa ta wata tiyo daban. Na leƙa agogon matsin iska na ga yana wajen 3, wato ya ɗan ɗara abin da ake hura wa tayar ƙaramar mota. Ƙarar kwamfaresa tana da yawa, ta kai mutum biyu ba sa jin juna a ƙofar gida sai sun ɗaga murya, don haka duk mai niyyar wannan aiki ya sanar da maƙwabtansa tun da wuri, kamar yadda na bi gida huɗu na yi. Kafin la'asar fuskar gidan ta fito, har da wani ado na bulo mai launin ƙasa-ƙasa a saman ƙofa da tagogi wanda ba mu taɓa sanin yana nan ba. Uwargidana ta fito ta tsallaka titi ta tsaya tana kallo, ta ce, "Maigida, ashe wannan kyan aka binne mana a ƙarƙashin fenti?"

Rana ta biyu dattijon ya tafi duba wani aiki a wata unguwa, ya bar wa ƙaramin cikinsu bangon baya. Ina wurin aiki, sai da na dawo wajen ƙarfe uku na zagaya. Daga nesa bangon ya yi kyau, baƙin ya tafi, amma launin ya ɗaure mini kai, domin ya yi haske da yawa, ruwan lemo maimakon ja. Da na matsa na shafa, sai na ji shi kamar dutsen niƙa da aka sassaƙa, kaushi da ƙananan ramuka, gari yana biyo yatsuna, gefunan bulon sun dakushe sun zama kamar na sabulun da aka fara wanka da shi. Agogon iskar yana kusa da 6. Yaron ya ce kunkunniyar ta ƙi fita ne, lokaci kuma yana tafiya, shi ya sa ya ƙara ƙarfi ya matso da bakin tiyon. Na ce ya kashe injin, ya kashe ba musu. A lokacin ya riga ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon, daga ƙasa zuwa tagar kicin.

Yadda dattijon ya karɓi maganar shi ne ya hana ni yanke hulɗa da su. Ya dawo da yammar, ya shafa bangon, bai nemi ya ɗora laifin a kan tsufan bulo ba, ya ce kai tsaye bai kamata a taɓa wannan bango da gilashi ba, kuma shi ne ya kamata ya gwada shi tun farko. Washegari ya zo da buhunan kalsait, ya sauke matsin iskar ƙasa da na ranar farko, ya yi sauran bangon da hannunsa, aikin ya ƙara kwana guda a kan abin da aka yi alkawari. Inda ya bi, baƙin bai fita duka ba, akwai inuwarsa a jikin bulon har yanzu, amma fatar tana nan, kuma na fi son wannan ragowar baƙi sau goma a kan hasken ɓangaren da aka fere. Sun rage mini fam 400 daga kuɗin. Na karɓa, duk da cewa ragin ba ya mayar da abin da ya tafi.

Akwai wurin da muka saɓa kuma, wato kan kwaɓin da ke tsakanin bulo. Feshin ya zaƙulo tsohon kwaɓin a wurare da dama, abin da ba makawa sai ya faru tunda ya fi bulon laushi, kuma a gidajen wannan yanki na wancan zamani kwaɓin na farar ƙasa ne, sau da yawa haɗe da tokar kwal, shi ya sa yake da duhu. Sun ce za su cike mini da siminti a farashi mai sauƙi, na ƙi. Simintin Portland, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Leeds a 1824, ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya barin ruwa ya wuce yadda farar ƙasa ke yi, to idan aka cusa shi tsakanin bulo mai laushi, ruwan da ya kamata ya fita ta kwaɓi sai ya koma fita ta jikin bulon, bulon ne kuma zai ruɓe ya bar simintin a tsaye. Na samo wani birkila daban mai aiki da farar ƙasa, ya yi aikin a watan Yuni, domin irin wannan kwaɓi ba a yin sa cikin tsananin sanyi. Kamfanin da ke sayar da kansa a matsayin mai gyaran tsohon bulo bai kamata ya fara kawo maganar siminti ba, kuma wannan ya rage musu daraja a idona fiye da kuskuren yaron.

Batun shara ma sai da na yi magana. Taɓon fenti da gari da ruwa da ya taru a gaba sun kwashe shi tas a bokitai sun tafi da shi, amma a tsakar gidan baya sun bar wani siririn shimfiɗi wanda da ya bushe ya koma ƙura, wato abin da aka yi amfani da ruwa don a guje masa. Sai da na kira su suka dawo suka wanke. Bayan kamar mako uku kuma wani farin gari mai kama da kanwa ya fito a jikin bangon biyu, wanda gishirin cikin bulo ne da ruwa ya narkar ya fito da shi. Dattijon ya riga ya gaya mini zai fito, ya ce in share shi da busasshen buroshi kada in sa ruwa, na bi maganarsa, bayan shara uku ya daina dawowa.

Yanzu da hunturu ya wuce, ga abin da ya bayyana. Bangon gaba bai nuna wata illa ba, ɗakin ya bushe, warin laima ya tafi tun kafin kaka, fumfunar ba ta dawo ba. Saman bangon baya, inda aka yi da kalsait, lafiya lau. Ɓangaren da aka fere kuwa yana shan ruwa kamar soso, yakan yi kwana biyu da duhun jiƙa bayan sauran bangon ya bushe, gansakuka ta fara kama shi, kuma da yake ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, fuskokin wasu bulo sun tsage sun zubo a daren da aka yi ƙanƙara a watan Janairu. Na ƙirga guda 23 da sai an cire an sa wasu. Jimillar abin da na biya kamfanin, har da hayar ƙarafan hawa, fam 2,500 ne bayan ragin, kuɗin birkila kuma daban. A kan bangon gaba kuɗin ya biya, kuma da za a sake, su zan kira, da sharaɗin a rubuta a takardar yarjejeniya irin garin da za a yi amfani da shi, da iyakar matsin iska, da gwaji a kowane bango, da kuma cewa wanda ya yi gwajin shi ne zai riƙe tiyo. A kan bangon baya, inda babu fenti sai kunkunniya, da na sani da tururi da buroshi na fara.

Da na tura wa yayana hoton gidan, sai ya kira ni daga Kaduna yana tambaya ko zai sa masu feshin tankunan mai su yi wa gidansa na jan bulo haka. Na ce masa, "Yaya, kada ka bari a kusanci bangon nan da busasshen yashin kogi, ko da kyauta ne." Gidajen jan bulo suna nan a Kaduna da Jos da Kano, har akwai unguwar da ake kira Janbulo a Kano, kuma duk da cewa ƙanƙara ba ta daskarewa a bango a can, ruwan damina mai dukan bango a karkace zai shige duk bulon da aka cire wa fata, ga kuma huhun yaran da za a ba tiyon ba tare da kariya ba. Ginin tubali na ƙasa kuwa, irin na tsofaffin gidajen cikin birni, ba ya cikin wannan magana sam, domin ba a gasa shi ba, feshi ko mai ruwa ko busasshe narkar da shi zai yi, gyaransa yaɓe ne. Yaya ya ce abin da ke jikin nasa bangon ƙurar hunturu ce da gansakuka a gindi, babu fenti, na ce to ruwa da buroshi mai taurin gashi sun ishe shi.

Birkilan da ya yi mini kwaɓin ya samo tsofaffin bulo masu girma da launi irin na bangon baya daga wani wurin sayar da kayan rusau, domin bulon wancan zamani ya ɗan fi na yanzu girma, sabo ba zai zauna daidai a gurbin ba. Suna jibge a tsakar gida ƙarƙashin tamfol, ya ce zai zo ya sa su da zarar sanyin dare ya sauka a ƙarshen Afrilu.